Amsa: Baba ya tsufa, wa zai riƙe kamfanin tireloli?

Malam, ka ce mahaifinku na son sauka, ku 'ya'ya kuma kowa na hangen kujerar. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Shawarata, tun yana da ƙarfinsa ku yi wa kamfanin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a rubuta hannun jarin kowa. Idan motocin na sunansa ne shi kaɗai, ranar da ta Allah ta kasance gado za su zama, a raba, wani ya sayar da tasa a Mararrabar Jos.

Shugabanci kuwa ba sai babban wa ba. A ba wanda direbobi ke jin maganarsa, wanda ya san lissafin dizal da taya, a yanka masa albashi. Aljihun gida daban, na kamfani daban. Nan ne yawanci rigima ke farawa, musamman lokacin biki.

Sannan ku leƙa tashar tsandauri (tashar sauke kwantena ta kan tudu) ta Kakuri a Kaduna, da aka buɗe a 2018, ku nemi kwangilar ɗaukar kwantena. Mota ta dawo daga Legas fanko asara ce. Idan kuna tunanin mayar da motocin daga dizal zuwa iskar gas, ku gwada da mota ɗaya tukuna.