Zan bar ƙaramin kamfani in koma babba, amma sai na ba da goro

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gama karatun lissafin kuɗi a Jami'ar André Salifou, yanzu ina riƙe da littattafan wani ƙaramin kamfanin sufuri a Zango, albashina jikka 90. Wani mutum ya ce zai sa a ɗauke ni a wani babban kamfani, albashi ya ninka, amma sai na ba shi jikka 150 na goro kafin Juma'a. Maigidana yana riƙe ni da mutunci, sai dai gida kowa na cewa ƙaramin kamfani ba shi da gobe. Na kasa barci. In tafi ko in zauna?

Amsa: Ƙanena, ka riƙe kuɗinka tukuna. Mai neman ma'aikaci yana sa sanarwa, a ANPE (hukumar samar da aikin yi ta ƙasa) ko a kafafensa, ya yi gwaji, ya kira wanda ya ci. Wanda ya sa maka wa'adin Juma'a so yake ka biya kafin ka yi tambaya.

Bambancin babba da ƙarami ka san shi. A babba akwai matakan albashi, horo, wani lokaci da inshorar lafiya, amma kujera ɗaya za a ba ka, ka yi shekaru kana duba takardun saye kawai. A ƙarami kai ne akanta, kai ne mai zuwa ofishin haraji, kai ne mai rarrashin direbobi. Za ka san aiki ciki da waje, amma ranar da maigida ya faɗi ko magada suka fara rabo, kamfanin na iya tafiya da shi.

Abin da ya ishe ni shi ne wannan magana da nake ji kullum a Damagaram: wai wanda ya shiga babban kamfani ya haye. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011 mutane ke auna darajar aiki da girman ƙofar da ake shiga. To, shiga ƙofa ba shi ne ɗauka ba. Manyan kamfanoni a ko'ina suna ba 'yan kwangila aikin gadi, shara, tuƙi, gyara, har da wani ɓangare na lissafi. Za ka sa rigar aiki, a rataya maka kati, motar ma'aikata ta ɗauke ka da safe, unguwa ta fara kiran ka Alhaji, alhali sunan da ke kan takardarka na wani ɗan kwangila ne mai ɗaki ɗaya da tambari. Ranar da kwangilarsa ta ƙare, taka ta ƙare. Ka je babban kamfanin da kuka, su duba su ce ba su san ka ba, kuma a takarda gaskiya suka faɗa.

Mafi muni, nakan ga magidanta da suka yi shekara goma ana cire musu kashi 5,25 cikin 100 na albashi da sunan CNSS, wato kes ɗin fansho da inshorar ma'aikata, sai tsufa ya zo ko inji ya ci yatsa, a je kes a tarar ba a taɓa zuba musu dala ba. Ko lamba ba su da ita! Kuma da ka tambaye su me ya hana su dubawa, sai su ce kunya, kada a ce ba su yarda da maigida ba. Kunyar me? Doka ba ta ware babba da ƙarami ba: yi wa ma'aikaci rajista wajibi ne a kan duk mai ɗaukar aiki, ko da mutum uku yake biya.

Saboda haka ka tambayi mutuminka sunan wanda zai sa hannu a kwantiraginka, kuma na wa'adi ne ko na dindindin. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka. Shi ma maigidan naka kada mutuncinsa ya rufe maka ido. Gobe ka ɗauki takardar albashinka ka je ofishin CNSS na Zinder, a duba ko an yi maka rajista da watannin da aka zuba. In babu, ka same shi cikin ladabi ka roƙa a gyara. In ya ƙi, akwai ofishin sufeton ƙwadago, kuma daga ranar sai ka fara bin sanarwar ANPE da gaske.