Filin Inna Nas: Yarinya ta fara al'ada, a cire ta daga wasan makaranta?

Assalamu alaikum Inna Nas. 'Yata shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma bana ta fara ganin al'ada. Kakarta ta wajen uba ta ce tunda ta zama mace a je a faɗa wa makaranta su daina sa ta guje-guje da tsalle-tsalle, wai yana zubar da budurci kuma yana sa jini ya yi yawa. Shi kuma babanta gajeren wandon da ake sa su sakawa ne ba ya so. Ita yarinyar tana son ƙwallon raga kamar ranta. Na rasa wanda zan bi.
*Wata uwa, Unguwar Rogo*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganganu biyu ne a gidan naki, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta maigida tana da tushe, gyaranta ba wuya. Ta Hajiya kaka, Allah ya ja kwananta, ita ce sai an bi a hankali.

Gudu da tsalle da ƙwallon raga ba sa raba yarinya da budurcinta. Fatar da ake magana a kai ba iri ɗaya Allah ya halicce ta ga kowace mace ba: ta wata mai kauri ce, ta wata mai miƙewa, wata kuwa tun haihuwa 'yar kaɗan ce. Shi ya sa mata da yawa da ba su taɓa sanin namiji ba ba sa ganin jini a daren farko, ko sun taɓa shiga filin wasa ko ba su taɓa ba. Na yi aiki a ɗakin haihuwa kafin in koma asibitin makarantar kwana ta 'yan mata, kuma abin da idona ya gani ke nan. Batun jini ma haka. Motsa jiki daidai gwargwado ba ya ƙara shi, hasali ma 'yan mata da yawa ciwon mararsu kan yi sauƙi in sun ɗan zagaya fili. Ranar da ciwon ya matsa mata ta huta, a ɗora mata gorar ruwan ɗumi a mara. Ba a ce dole ta buga kullum ba.

Abin da ya kamata ya hana ki barci shi ne ƙarancin jini. Yarinya tana girma da sauri, ga shi kowane wata tana zubar da jini, ga karin kumallon shayi da burodi. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba. In kin ga ta yi fari, tana haki daga hawa ɗan tudu, tana yawan jiri, ko kin kama ta tana cin ƙasa ko farar ƙasa, ku je a auna jininta. Haka in al'adar tana wuce kwana bakwai, ko tana jiƙe audugar mata cikin awa ɗaya ko biyu. A abinci ki dage da wake, zogale, alayyafo, kifi, da hanta in da hali, a haɗa da lemo ko tumatir domin suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a ba shi tazara da abinci. Mu a Jos da kasuwar kayan lambu ta Farin Gada ke bakin ƙofarmu ba mu da uzurin rashin ganye a tukunya.

Sai ƙashi. A waɗannan shekarun ne jikin mutum ke tara babban kaso na ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi har tsufa, kuma tsalle da gudu suna cikin abin da ke sa ƙashi ya yi ƙwari. Bayan da ƙafafun da za su ɗauki ciki da goyo nan gaba, yanzu ake gina su. Hajiya za ta ce ai su ba su buga ƙwallo ba kuma suka haifi goma. Gaskiyarta. Amma su sun yi daka, sun yi niƙa, sun ɗebo ruwa daga rafi, da dare kuma suka fita dandali suka yi gaɗa har gumi ya jiƙe su. Jikarta fa? Keke Napep ke kai ta makaranta, inji ke niƙa, daga boko sai islamiyya, daga islamiyya sai waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a rana, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan hau. A binciken da ta fitar a 2019, kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu tasowa a duniya ba sa kai wannan, maza kuma kashi 78. Ga yarinya irin taki, darasin motsa jikin nan na makaranta wataƙila shi kaɗai ya rage mata.

Game da sutura, ku je ke da babanta wurin shugaban makarantar. Ku nemi a yarda ta sa dogon wando mai faɗi, riga mai sauka ƙasa, da ƙaramin hijabi wanda ake cusawa cikin riga, ba mai allura ba. Tun 2014 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince mata su buga da kansu a rufe, balle wata makaranta a Jos. In kun samu wasu iyayen kun kai maganar taron iyaye da malamai, ku ƙara da cewa a ware wa 'yan mata lokacinsu ko gefensu na fili, da malama mace. Kina can kuma ki leƙa bayin 'yan matan: akwai ƙofa mai sakata? Akwai ruwa? Akwai inda za a jefa auduga? Rashin waɗannan ya fi kowace kaka korar yara daga fili. Ki kuma saya mata rigar mama mai kama jiki sosai. 'Yan mata da dama kunyar ƙirjinsu ce ke sa su ce ba su da lafiya ranar wasa, kuma ba za su taɓa faɗa miki ba.

Kada ke ki tunkari surukarki da wannan. Ɗanta ya je ya same ta bayan ta ci ta sha, ya tuna mata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ta wuce shi a karo na farko, daga baya shi ya wuce ta. In kuma ta fi son ji daga bakin tsohuwa irinta, a karanta mata wannan shafin.

Inna, ɗana mai shekara 12 yana da sikila. A hunturun bara wani malami ya sa ajinsu tsallen kwaɗo da sassafe don sun makara, daren ranar muka kwana a asibiti. Tun daga nan na hana shi duk wani wasa. Yanzu ya zama shiru-shiru, ya ce yara suna kiransa ɗan kallo. Na yi daidai?
*Wani uba, Bukuru*

Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Tsoronka a kan hanya yake, amma hanin ya yi yawa.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi idan jiki ya rasa ruwa, ko sanyi ya buge shi, ko aka gajiyar da shi fiye da kima, ko zazzaɓi ya kama shi. Ka duba abin da aka yi wa ɗanka: safiyar hunturu, a garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, aikin wahala ba hutu, ƙila ko ruwa bai sha ba. An haɗa masa kusan duka a lokaci guda. Wannan horo ne na rashin sani, ba wasa ba. (Ni dama ban taɓa ganin hikimar mai da motsa jiki bulala ba. Yaron da aka hora da zagaye fili, yaushe zai so gudu?)

Zai iya tafiya a ƙasa, hawa keke a hankali, ƙwallon tebur, har ƙwallon ƙafa ta 'yan mintuna da hutu a tsakani. Sharaɗin shi ne rana ta ɗaga tukuna, ya fara a hankali, gorar ruwansa tana hannunsa kafin wasa da lokacinsa da bayansa, kuma shi ke da ikon cewa ya gaji ba tare da wani ya ce masa rago ba. Rigar da ta jiƙe da gumi a cire ta nan take a sa busasshiya da rigar sanyi. Gasar gudu mai nisa ba tasa ba ce. Wanka a kududdufan haƙar kuza da suka cika wajenku kuwa, ko mai lafiya ban yarda ba, balle shi da ruwan sanyi ke tayar wa ciwo.

Ka karɓo takarda daga likitan da ke duba shi, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko inda kuke zuwa, wadda ta bayyana abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Kwafi ɗaya ga shugaban makaranta, ɗaya ga malamin aji, ɗaya ga malamin wasanni, da lambar wayarka a jiki. Ba alfarma kake roƙo ba. Tun 2006 Najeriya take da manufar kiwon lafiya a makarantu, wadda ta tanadi a san halin lafiyar ɗalibai, kuma a ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kimanin 150,000 a shekara, ɗanka ba shi kaɗai ba ne a makarantar nan. A rubuta musu alamomin da ba a jira da su: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, fari fat farat ɗaya, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, da miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya. Wannan ta ƙarshen kai za ka zaunar da shi ka faɗa masa, domin yara maza ɓoyewa suke yi har abin ya lalace.

Inna ina wuni. Ina ajin ƙarshe na sakandare. An mayar mana da lokacin wasanni na lissafi saboda WAEC, ga lesin har magariba. Da dare ina shan kofi in yi karatu har ƙarfe biyu. Kaina yana yawan ciwo kuma abin da na karanta ba ya zama.
*Ɗalibi, Gangare*

Lafiya lau ɗana. Ba zai zauna ba, tunda a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, kuma mai shekarunka yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Ka ajiye kofin nan, ka kwanta da wuri, ka yi karatun bayan sallar asuba. Ka sauka daga Keke Napep tun kafin gida ka taka sauran da ƙafa, Asabar da Lahadi kuma ka je ka buga ƙwallonka. Duk abokin da ya miƙo maka ƙwaya wai ta hana barci ko ta buɗe kai, kada ka karɓa. In ka gyara barcin mako biyu kan bai daina ciwo ba, musamman in sai ka ƙanƙance ido kake ganin allo, ka ce wa Baba ya kai ka a auna idonka.