Makanikal ko na jirgin sama: amsa ga ƙaninmu mai cike JAMB

Ƙanina, da na ga tambayarka cewa ranka na kan injiniyancin jiragen sama amma Baba ya nace sai makanikal, wallahi sai da gabana ya faɗi, don na jirgin na karanta kuma na san abin da ke jiranka.

Duka shekara 5 ne, kuma shekarun farko kusan darussa ɗaya za ku sha, lissafi, zane, ilimin zafi, gudanar iska da ruwa, ƙarfin ƙarafa. Sai can gaba hanya ke rabuwa. Matsalar ba a aji take ba, a tallar aiki take. Duk inda ka duba, siminti ne a Obajana, matatar Dangote ce a Lekki, tashar lantarki ce, ko masu haɗa na'urar sanyaya manyan benayen Abujan nan, makanikal za ka ga an rubuta.

Bayan bautar ƙasa na je intabiyu wata masana'anta a Idu, suna neman wanda zai kula da janareto da kwamfureso. Tun asuba na baro Kubwa, kuɗin motar ma rance ne, na zauna a benci har azahar ta wuce ko ruwa ban sha ba. Da na shiga, wani mai furfura a cikinsu ya ɗaga takardata da yatsu biyu ya ce, Malam ai mu nan ba mu da titin jirgi. Sauran suka kwashe da dariya, har da wata da ke latsa waya. Ko tambaya ɗaya bai yi min ba! Alhali injin jet da injin gas ɗin da ke ba da wuta a tashar Geregu ƙa'ida ɗaya suke bi, a matse iska, a ƙona mai, a juya tabin, wato fankar injin. Da ya bari na buɗe baki da ya ji. Har yau in na bi ta titin nan sai na tuna yadda ya riƙe takardar, Allah ya isa ban ce ba amma ban manta ba.

Ni dai shawarata ka ɗauki makanikal, in Allah ya hore ka yi mastas a fannin jirgi, irin su jami'ar Cranfield a Ingila suna karɓar ɗan makanikal. In kuma taɓa jirgi da hannunka kake so a hanga, wato rumfar gyaran jirage, to ba digiri ba ne ke ba ka damar sa hannu a gyara, lasisin NCAA ne, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ka bincika kwas ɗin gyaran jirgi a NCAT, kwalejin fasahar jiragen sama ta Zariya, tun 1964 take. NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya da aka kafa a 1999, na nan kan hanyar filin jirgin Abuja, amma hukuma ɗaya ce, mu nawa za ta ɗauka?

Masu cewa za ka tafi Amurka ka yi aiki, su gaya maka cewa dokarsu ta sa ido kan fasahar makamai, ITAR, ta ware yawancin ayyukan roka da makamai ga ’yan ƙasa da masu girin kad.

In ranka ya ƙi sam, AFIT ta sojan sama a Kaduna da KWASU, jami'ar jihar Kwara a Malete, suna yin kwas ɗin, ka je da idonka a buɗe. Kuma ko wanne ka zaɓa don Allah ka fara koyon SolidWorks, manhajar zanen injiniya, tun aji biyu, kar ka jira sai lokacin SIWES, wato zuwan ɗalibai koyon aiki a masana'anta, ka ji ana tambayarka.