Hawan Dutsen Teide da Ziyarar Timanfaya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu je hutu tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a watan Disamba, kuma ya dage sai mun hau dutsen Teide. Ni kuwa tsoro nake ji, tunda an ce mai aman wuta ne. Me ya kamata mu tanada? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Batun wuta dai ki kwantar da hankalinki. Rabon da wani dutse ya yi amai a Tenerife tun 1909, wanda kika ji labarinsa a 2021 kuwa a tsibirin La Palma ya faru. Abin da ke galabaitar da baƙi a Teide shi ne tsayi da sanyi da rana.

Tsayin dutsen mita 3,715 ne, babu wanda ya kai shi a Sifaniya. Motar da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe tana ɗaukar mutane daga mita 2,356 ta sauke su a mita 3,555 cikin minti takwas. To nan matsalar take. Mutum ya karya kumallo a bakin teku, kafin azahar ya tsinci kansa inda iskar shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, jiki bai samu damar sabawa ba. Sai ciwon kai da jiri da haki, wani har tashin zuciya. Ku tsaya kamar awa guda a filin da ke gindin dutsen, wajen duwatsun Roques de García, ku ɗan zagaya a hankali kafin ku hau. Idan ciwon kai ya tsananta a sama, maganinsa sauka, ba dauriya ba. Ba a ɗaukar mai juna biyu a motar, haka yaron da bai kai shekara uku ba da mai ciwon zuciya.

Tikitin motar ba ya kai mutum ƙololuwa. Ragowar mita 160 da ƙafa ake hawa, kuma sai da takardar izini mai ɗauke da rana da lokaci. Ta intanet ake nema, guraben kaɗan ne, don haka ku nema tun da sauran makonni, ku kuma riƙe fasfo domin ana dubawa. Kada ku bar hawan sai ranar ƙarshe ta hutunku, saboda iska mai ƙarfi na sa a dakatar da motar.

A Disamba ana samun ƙanƙara a sama. Ki saka wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, da rigar sanyi mai tare iska da safar hannu. Ƙaramin hijabi ya fi mayafi, wanda iska za ta yi ta fizga. Takalmi ya zama rufaffe mai kaurin ƙasa, don tsakuwar wurin tana yanka kamar fasasshiyar kwalba. Kowa ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi da tabarau, domin rana na ƙona fata ko ana rawar ɗari.

Tambaya: Zan iya yawo da ƙafa a Timanfaya, in ɗebo baƙin dutse tsaraba? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, duka biyun ka haƙura. Timanfaya, a tsibirin Lanzarote na Sifaniya, fili ne da narkakken dutse ya malale tsakanin 1730 da 1736, aka keɓe shi a 1974 a matsayin wurin da hukuma ke karewa. A tsakiyarsa motar bas ta hukumar wurin ce ke zagayawa da baƙi kimanin kilomita 14, ba a sauka. Sawun ƙafa a kan tokar yakan daɗe bai goge ba, ƙasar kuma har yau da zafinta: ma'aikata kan tura busasshiyar ciyawa cikin rami ta kama da wuta, ko su zuba ruwa a bututu ya yo tsiri sama da tururi. Akwai 'yar gajeriyar tafiyar ƙafa tare da ɗan jagora, amma sai an yi rajista tun da wuri. Ɗaukar dutse laifi ne da ake cin tara a kansa, ka sayi tsarabarka a kanti.

Ka kuma duba hasashen yanayi. Ƙurar Sahara irin ta hunturunmu tana kai wa tsibiran, ranar da ta sauka kuwa ba za ka hangi nesa ba, mai asma kuma gara ya zauna a masauki.