Filin Tambaya da Amsa: Awo, Zare da Tsarin Saƙa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa akasarinsu sun zo ne daga waɗanda suka riga suka iya riƙe kibiyar saƙa da ɗora mata idanu, wato madaukan zare, suka fara bin rubutaccen tsarin saƙa, sannan suka tarar abin da ya fito daga hannunsu bai yi daidai da hoton da ke jikin takarda ba. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Na saƙa wa ƙanena suwaita, na bi tsarin daki-daki, ban ƙara ido ko ɗaya ba, ban kuma rage ba, kuma kibiyar da aka ambata, mai kaurin milimita 4, ita na yi aiki da ita. Da na gama na haɗa, sai rigar ta yi masa yawa ƙwarai, hannuwan har sun rufe masa yatsu. Tsarin ne ke da kuskure, ko kuwa ni ce ban iya ba?

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya a ce tsarin ne ya yi kuskure, kuma wadda ta saƙa gaba da baya da hannuwa har ta haɗa su ba za a ce ba ta iya ba. Abin da nake kyautata zato shi ne kin tsallake wani ɗan bayani da ke farkon kusan kowane tsari, inda ake faɗin adadin idanu da layukan da ya kamata su cika santimita 10. A kan wannan bayanin aka gina duk lissafin da ke biye, domin kowace lamba da kika gani, tun daga idanun da za a ɗora a farko har zuwa waɗanda za a rage a hammata, an fitar da ita ne daga awon hannun wadda ta rubuta tsarin. Hannu kuwa kowa da irin nasa: wata tana jan zare da ƙarfi saƙarta ta matse, wata tana sassauta shi saƙarta ta yi sako-sako, alhali zare ɗaya da kibiya ɗaya suke riƙe da su.

Bari mu yi lissafin tare. A ce tsarin ya nemi ido 22 a santimita 10, ya kuma ce jikin rigar gaba da baya ido 220 ne, wato ƙirji mai kewayen santimita 100. Idan hannunki yana fitar da ido 20 ne kawai a santimita 10, waɗannan idanu 220 za su ba ki santimita 110. Idan kuwa 24 yake fitarwa, rigar za ta tsaya a wajen santimita 92, ta matse mai ita. Bambancin ido biyu, wanda ba a ko lura da shi a kan kibiya, shi ne ya zama santimita 10 a jikin mutum.

Maganin abin shi ne saƙar gwaji kafin a taɓa ainihin aikin. Ki ɗora ido kamar 30 ko fiye, ki saƙa ɗan ƙyalle mai faɗi da tsawon santimita 15 da irin saƙar da za a yi jikin rigar da ita. Daga nan ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa shi ya bushe sarai, domin zare da yawa yana buɗewa ko ya tsuke bayan ya sha ruwa, kuma a nan ne mutane da dama ke yin gaggawa su auna ɗanyen gwaji. Idan ya bushe, ki ajiye shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri ba tare da kin ja shi ba, ki auna santimita 10 a tsakiyarsa, nesa da gefuna, ki ƙirga idanun har da rabin ido in akwai. In sun gaza abin da tsarin ya nema, ki sauko zuwa kibiyar da ta fi siranta da rabin milimita. In sun zarce, ki hau zuwa wadda ta fi kauri, ki sake gwadawa. Lambar kibiyar da ke cikin tsari shawara ce kawai, adadin idanun shi ne wajibi. Ki ƙirga layuka ma, domin tsawon hannun da kika yi kuka da shi daga nan ya samo asali.

Wani abu kuma da ya kamata ki bincika shi ne ko milimita 4 ɗin nan ce da gaske a hannunki. Akwai tsarin lambobi na Amurka da tsohon tsarin Ingila, kuma sun saɓa wa juna: a na Amurka lamba tana hawa ne tare da kauri, a na Ingila kuwa tana sauka. Kibiya mai milimita 4 ita ce lamba 6 a Amurka, lamba 8 a tsohon tsarin Ingila, alhali lamba 8 ta Amurka milimita 5 ce. Saboda haka a kullum ki dogara da milimita.

Ita kuwa rigar da kika gama, ba ta zama asara ba. In zaren bai cuɗe ba, ki warware ta, ki naɗe zaren a dogon naɗi, ki jiƙa shi, ki rataye shi ya bushe har lanƙwasar da ke jikinsa ta miƙe, sannan ki sake farawa da kibiyar da gwajinki ya nuna. Na san warwara tana da ciwo, amma ni dai na fi son in ga riga a jikin mai ita da in gan ta ninke a ƙasan akwati.

Tambaya: Malama, tsarin da nake son bi ya ambaci wani zare da ban same shi ba. Ya ce a sayi curi 10 masu giram 50. Idan na sayi curi 10 na wani zaren mai nauyi ɗaya, zai wadatar?

Amsa: Ba lallai ba ne, domin tsawon zare ake saƙawa, nauyi kuwa hanyar sayarwa ce kawai. Ki duba tsarin, ko takardar da ke naɗe da curin, za ki ga an rubuta mita nawa ne a cikin kowane giram 50. A ce zaren da aka ambata yana da mita 125 a curi, to aikin yana bukatar mita 1,250. Idan wanda kika samu mita 100 ne a curi, sai kin sayi 13 kafin ki kai. Irin wannan giɓin ya fi fitowa idan aka maye gurbin ulu da auduga, saboda auduga ta fi ulu nauyi, don haka giram ɗaya nata ya fi gajarta.

Bayan tsawo sai kauri. Kamfanoni da yawa suna bin lambobin da wata ƙungiyar masu harkar zare ta Amurka ta tsara, daga 0, wato mafi siranta, zuwa 7, mafi kauri. Zare mai lamba 3 yakan ba da ido 21 zuwa 24 a santimita 10, mai lamba 4 kuwa 16 zuwa 20. Lambar tana taimakawa wajen rage zaɓi, amma zare biyu masu lamba ɗaya ba dole su zama tagwaye ba, don haka saƙar gwajin da muka yi bayani a sama ta fi zama dole a nan.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne halin zaren. Ulu yana miƙewa ya koma yadda yake, shi ya sa bakin hannu da wuyan rigar ulu ke riƙe siffarsu. Auduga ba ta da wannan tsalle, kuma babbar riga da aka saƙa da ita takan ƙara tsawo da nauyin kanta. Gashin alfaka, dabbar nan ta tsaunukan Andis a Kudancin Amurka, yana da taushi da ɗumi ƙwarai, amma yana zubowa, ya fi dacewa da mayafi bisa rigar da ake son ta tsaya cas. Zaren roba irin na akirilik yana jure wanki, bai kai ulu riƙe ɗumi ba idan ya jiƙe. Safa ma akwai dalilin da ya sa zarenta ke yawan zuwa da kashi 75 na ulu da kashi 25 na nailan: ulu zalla yana saurin hujewa a diddige. Ki tambayi kanki abin da mai tsarin ke nema daga zaren da ta zaɓa, sannan ki nemi wanda zai yi wannan aikin.

Tambaya: Zarena ya ƙare a tsakiyar bargo, na ƙaro mai launi ɗaya da lamba ɗaya, amma inda na haɗa ya fito da layi ƙarara. Mene ne dalili?

Amsa: Malam, a jikin takardar curi lamba biyu ce: ta launi, da ta rukunin rini. Zaren da aka rina a tukunya ɗaya ne kaɗai ke da lambar rukuni ɗaya, kuma ko a kamfani ɗaya rinin yau ba ya zama daidai da na jiya ɗari bisa ɗari. In akwai sauran tsohon zaren, ko za ka iya warware layuka kaɗan ka samo shi, ka riƙa saƙa layi biyu da tsohon, biyu da sabon, na tsawon santimita kaɗan, sai bambancin ya narke ido ya kasa kama shi. Nan gaba ka sayi duk abin da aikin ke bukata a lokaci guda, ka ƙara curi ɗaya a kai.

Tambaya: Malama, na saƙa mayafin wuya, layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya saƙar baya, amma gefunansa sai naɗewa suke yi. Na yi masa guga bai daina ba. Ina kuskurena?

Amsa: Babu kuskure a hannunki, ɗabi'ar wannan saƙar ce. Idon gaba da idon baya ba sa jan zare daidai wa daida, kuma idan duk na gaba suka taru a fuska ɗaya, na baya a ɗaya fuskar, sai ƙyallen ya rasa daidaito: gefen dama da na hagu su naɗe zuwa baya, sama da ƙasa su naɗo zuwa gaba. A riga ba a ganin haka saboda ɗinkin haɗi da saƙar bakin riga suna riƙe gefunan, amma mayafi ba shi da abin da zai riƙe shi.

Gyaran yana cikin saƙar kanta. A bar ido 4 ko 5 a kowane gefe ana yi musu saƙar gaba a kowane layi, a kuma yi layuka kaɗan na irin wannan a farko da ƙarshe. In mayafin mai faɗi ne, a faɗaɗa wannan iyakar. Ga wanda kika riga kika gama, za ki iya tsinto idanu a gefensa ki saƙa masa baki, ko ki zagaye shi da kwarashi, ko ki ninka shi biyu a tsaye ki ɗinke. Guga kuwa ina roƙonki ki yi hattara da ita, domin akirilik yana narkewa idan dutsen guga ya taɓa shi, kuma ko tururi ya yi masa yawa sai ya saki jiki ya yi laƙwas, ba ya kuma dawowa.

Tambaya: Na wanke rigar ulu da na saƙa wa jikata da ruwan zafi, sai ta tsuke ta yi tauri har ba a ganin idanun saƙar. Akwai yadda za a dawo da ita?

Amsa: Hajiya, ina baƙin cikin gaya miki cewa idan idanun sun ɓace gaba ɗaya, rigar ba za ta koma yadda take ba. Kowane silin gashin tunkiya yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna, kuma idan zafi da sabulu da cuɗawa suka haɗu, sai ɓawon su buɗe, su sarƙe da na maƙwabtansu, su kulle. In tsukewar kaɗan ce, kina iya jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi da aka zuba wa man laushin gashi, ki bar ta kamar rabin awa, sannan ki miƙar da ita a hankali ki shimfiɗa, wataƙila ki dawo da santimita ɗaya ko biyu. In ta riga ta zama ƙyalle mai kauri, to yanzu almakashi ba ya warware ta, za ki iya yanka ta ki ɗinka wa yarinyar 'yar jaka ko takalmin ɗaki.

Ulu yana son ruwan da bai wuce digiri 30 ba, da sabulu mai sauƙi, a matsa shi a hankali ba tare da cuɗawa ko murɗawa ba, kuma ruwan ɗauraya ya yi daidai da na wanki wajen ɗumi, domin sauyi daga zafi zuwa sanyi shi ma yana tsuke shi. A naɗe rigar cikin tawul a danne ruwan, a shimfiɗa ta a inuwa a gyara mata siffa, kada a rataye ta, domin nauyin ruwa zai ja kafaɗun. Tunda kayan yara wanki ba ya ƙare musu, in za ki sake saƙa mata, ki nemi ulun da aka rubuta a takardarsa cewa ana iya wanke shi a inji, wanda an riga an sarrafa ɓawonsa don kada ya sarƙe, ko kuma auduga mai laushi. In kuma kina da ragowar zaren da takardarsa ta ɓace, ki gutsuro ɗan guntu ki kusanta shi da wuta a kan faranti, nesa da sauran kayan: ulu yana warin ƙonannen gashi, ya mutu da kansa ya bar toka mai marmashewa, auduga tana ci kamar takarda, akirilik kuwa yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.