Faranti mai gindin gilashi: dole ne sai na saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, ina rainon ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje. Malamina ya ce in sayo faranti mai gindin gilashi don in duba su da ransu a maikuroskof, ga shi da ɗan karen tsada. Na robar da muke da shi ba zai yi ba?
Daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin ki kwance bakin jaka, je ki karanta abin da ke rubuce a jikin tabaran maikuroskof ɗin. Za ki ga 0.17. Kaurin gilashin da aka ƙera tabaran dominsa ke nan, milimita 0.17, wanda masu sayarwa ke kira lamba 1.5. Gindin farantin roba kuwa ya kai wajen milimita 1. Ita na'urar duba ƙwayoyi masu rai ta ƙasa take leƙowa, kuma tabarau mai girmama abu sau 60 ko 100, wanda ake ɗiga wa mai, ganinsa bai kai rabin milimita ba. Sai ya tokari robar bai iso ga ƙwayoyin ba. Ina ɗalibi na taɓa ɓata yini guda ina murɗe-murɗe, ban ga komai ba sai hazo kamar safiyar hunturu a Kwanar Kwannawa. Sannan idan rini mai ƙyalli kika sa, ita ma robar tana nata ƙyallin, ta dagula hoton.

Amma in ƙirga su kawai za ki yi da tabarau mai sau 10, na robar ya ishe ki, kar ki yi asarar kuɗinki.

In kin saya, nemi mai faɗin milimita 35. Ki sani wasu ƙwayoyin ba sa son kama gilashi, sai an shafa masa kolajin ko poly-L-lysine tukuna, sinadaran da ke sa ƙwayoyin su manne. Abin da ya fi damuna a garinmu shi ne bushewar iska. Ɗan ruwan da ke ramin tsakiyar farantin ba shi da yawa, da kin buɗe murfi a watan Janairu kafin ki ankara ya ƙafe, gishirinsa ya yi wa ƙwayoyin yawa. Ki bar murfin a rufe, ki riƙe zafi a digiri 37, ki sa HEPES, sinadarin da ke hana tsamin ruwa sauyawa, a ruwan tunda ƙwayoyin sun bar akwatin raino mai iskar CO2 kashi 5 cikin 100, wadda ita ke daidaita tsamin a can. Kuma ki tabbatar akwai mai a janareta kafin ki fito da su.