Amsa ga mai tambaya kan tafiya Yiwu daga Guangzhou a jirgin ƙasa ba tare da jin Sinanci ba

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, na karanta tambayarka inda ka ce za ka je sayayya ƙasar Sin karo na farko, za ka sauka a Guangzhou, kana kuma son ka wuce kasuwar Yiwu a jirgin ƙasa, amma hankalinka bai kwanta ba saboda ba ka jin Sinanci, Turancinka ma bai taka kara ya karya ba. Na bi wannan hanya sau da dama a cikin shekarun da na yi ina sarin kaya, kuma har yau Sinancina bai wuce gaisuwa da ƙidaya ba, don haka zan gaya maka abin da na gani da idona.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a rai shi ne, a tashar jirgin ƙasa ta Sin karatun lamba ya fi magana amfani. Abubuwa biyar ne ke kai mutum inda za shi: sunan tasha, lambar jirgi, ƙofar shiga, lambar tarago da lambar kujera. Huɗu daga cikinsu da alkaluman da muka sani da haruffan boko ake rubuta su, wanda ya iya karanta lambar waya zai iya karanta su. Guda ɗaya ne ke yi wa baƙo illa, shi ne sunan tasha, kuma a kansa zan fi daɗewa domin a nan na taɓa yin asara.

Guangzhou ba tasha ɗaya gare ta ba. Akwai tsohuwar tasha da ke cikin gari, ba nisa da unguwannin Xiaobei da Sanyuanli inda 'yan Afirka suka fi sauka, akwai ta Gabas, akwai ta Kudu, sannan akwai ta Baiyun da aka buɗe a ƙarshen shekarar 2023, wadda sunanta ya zo ɗaya da na filin jirgin sama alhali kuwa wurare ne daban. Mafi yawan jirage masu gudu daga tashar Kudu suke tashi, wato Guangzhounan, wadda take can yankin Panyu, nesa da tsakiyar gari. A tafiyata ta biyu na shiga tasi na ce wa direba "Guangzhou" haɗe da kalmar tasha da na haddace, ya kai ni tsohuwar tasha, kuma bai yi laifi ba domin abin da na faɗa ke nan. Na bi layi da jakunkuna biyu har na kai wurin mai duba fasfo, ta dubi wayata, ta ɗora yatsa a kan wani harafi guda da ke ƙarshen sunan tashar, ta girgiza kai, ta nuna mini hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kafin layi na 2 ya kai ni tashar Kudu jirgina ya tashi. Harafin nan da ta nuna shi ne 南, ana karanta shi "nan", ma'anarsa kudu. 'Yan uwansa uku ne: 东 "dong" gabas, 西 "xi" yamma, 北 "bei" arewa. Ka haddace siffar waɗannan huɗu tun kana gida, kuma ka roƙi ma'aikacin masaukinka ya rubuta maka cikakken sunan tashar da Sinanci a takarda, ita za ka miƙa wa direba ba tare da ka furta komai ba, domin harshensu na karin sauti ne kamar namu, kalma ɗaya takan sauya ma'ana idan murya ta hau ko ta sauka ba a wurinta ba.

Idan irin wannan ta same ka kada ka ɗauka kuɗinka sun tafi nan take. Ka nufi tagar sayar da tikiti da fasfonka, ka nuna musu kalmar 改签 a waya, wato canjin jirgi, idan da sauran kujera a wani jirgin na wannan rana sukan sauya maka. Haka aka yi mini, sai dai na yi zaman jira na awoyi, na kuma isa Yiwu tsakar dare.

Batun tikiti kuwa, yanzu fasfonka shi ne tikitinka, ba a buƙatar takarda. Manhajar hukumar jiragen ƙasa ita ce 12306, tana da ɓangaren Turanci, amma sai an tantance fasfo kafin ta bari a saya. Wanda bai son wannan ɗawainiya yana iya saye ta Trip.com, da ɗan ƙarin kuɗin hidima. Ko ta ina ka saya, ka tabbatar suna da lambar fasfo sun shiga daidai da yadda suke a littafin, harafi bayan harafi, domin kuskure guda yana iya tsayar da kai a bakin ƙofa. Ana fara sayar da tikiti saura kwana 15 a tashi. Idan tafiyarka ta faɗo a lokacin bikin sabuwar shekararsu, wanda ke zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, ko a makon farko na Oktoba, ko farkon Mayu, to ka saya ranar da aka buɗe, domin a waɗannan lokuta kusan ƙasar gaba ɗaya ce ke kan hanya. A ganina ma bai kamata baƙon farko ya yi tafiya a lokacin sabuwar shekara ba, tun da masana'antu da shagunan Yiwu rufewa suke yi.

Harafin da ke gaban lambar jirgi shi ke nuna irinsa. Mai G shi ne mafi gudu, yana yin kilomita 300 zuwa 350 a awa a kan manyan layuka, mai D yana biye masa, masu Z da T da K kuwa su ne na da, waɗanda ake kwana a cikinsu. Daga Guangzhou zuwa Yiwu a jirgin G tafiyar wajen awa shida zuwa bakwai ce, kuma shi nake ba ka shawarar ka hau a wannan karon, domin allon da ke saman ƙofar tarago yana nuna tasha ta gaba da haruffan boko, ana kuma yin sanarwa da Turanci bayan Sinanci. Kujerar aji na biyu ta wadatar. Kujerun layi ɗaya su ne A, B, C a gefe guda, D da F a ɗaya gefen, babu E. A da F ne na jikin taga.

Ka isa tasha da awa ɗaya aƙalla. Tashar Kudu ta fi kama da filin jirgin sama fiye da tashar Rigasa ko ta Idu da ka sani: ana binciken kaya da na'ura a bakin shiga, ana karɓe wuƙa da wasu gwangwanayen feshi, sannan ka hau babban zauren jira ka nemi lambar jirginka a allo, kusa da ita za ka ga lambar ƙofa. 'Yan ƙasa da katin shaidarsu suke wuce shingen na'ura, kai kuwa ka nufi layin gefe inda ma'aikaci ke tsaye yana duba fasfo da hannu. Ana buɗe ƙofa kamar saura minti goma sha biyar, ana rufe ta 'yan mintoci kafin tashi, kuma idan an rufe roƙo ba ya buɗe ta. Haka nan a tashoshin kan hanya, Yiwu ma tana cikinsu ga yawancin jirage, tsayuwar minti biyu ko uku ce kawai, don haka ka saita ƙararrawar wayarka, ka sauko da kayanka, ka tsaya bakin ƙofa kafin jirgi ya tsaya.

Game da waya, Google da WhatsApp ba sa aiki a layin ƙasar, saboda haka ka sauke ƙamus ɗin Sinanci na manhajar fassara tun kafin ka bar gida, yadda zai yi aiki ba tare da intanet ba, ka kuma ɗauki hoton bayanan tikitinka ka ajiye. Ka haɗa katin bankinka da manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat, domin da su ake sayen kusan komai, amma ka riƙe 'yan takardun yuan. Idan ana maganar farashi ko lokaci, ka miƙa waya a buga maka lambar. Kada ka dogara da yatsu, domin ƙidayarsu ta hannu daban ce: idan mutum ya buɗe babban yatsa da manuni, takwas yake nufi, mu kuwa sai mu ɗauka biyu ce. Kalmominsu na huɗu da goma ma sun yi kama a kunnen baƙo.

Abinci shi ne abin da ya fi damun Musulmi a doguwar tafiya. Alamar halal ita ce 清真, ana karanta ta "qingzhen", sau da yawa a kan koren allo, kuma shagunan taliyar Lanzhou da ke warwatse a birane galibi na Musulmi ne. Abincin da ake turowa a keke cikin jirgi ni ba na saye sai na ga wannan alama a jikinsa, domin naman alade da kitsensa suna shiga girkinsu sosai, har cikin taliyar kwali. Nakan yi guzurin burodi, dafaffen ƙwai, ayaba da dabino, da ganyen shayi da kofi, tun da akwai famfon tafasasshen ruwa kyauta a ƙarshen taragai. Ka riƙe ƙaramar gorar ruwa a madadin buta, da takardar goge hannu. Salla kuwa, ni nakan yi alwala a masauki in zaɓi jirgin safe, yadda zan sauka da sauran lokacin haɗa azahar da la'asar, amma ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da jam'i kafin ka tashi domin ka tafi da natsuwa.

Idan wata rana ka saba har ka so gwada jirgin kwana don ka rage kuɗin masauki, gado iri biyu ne. Mai rahusa gadaje shida ne a ɗaki marar ƙofa, hawa uku a kowane gefe, mai tsada kuwa huɗu ne a ɗaki mai ƙofa. Gadon ƙasa ya fi sauƙi ga mai kaya da mai yawan shekaru, sai dai da rana maƙwabta sukan zauna a bakinsa, wannan al'adarsu ce, ba raini ba ne. A irin wannan tarago ne wata tsohuwa ta taɓa miƙo mini lemo da 'ya'yan kabewa, na ba ta dabino, muka yi awoyi muna nuna wa juna hotunan iyali a waya, da asuba kuma ita ta taɓa ƙafata ta nuna mini cewa tashata ta kusa. Za a kalle ka, wasu ma za su nemi ɗaukar hoto da kai, musamman a jiragen da ke ratsa ƙauyuka, kuma a abin da na gani yawancinsu sha'awar ganin baƙo ce ke sa su.

Kayan da aka yarda babba ya shiga da su kilo 20 ne, don haka kada ka yi niyyar dawowa da sarinka a jirgin fasinja. Samfura kawai za ka riƙo, sauran ka bar wa kamfanin dakon kaya a Yiwu. Idan ka sa ranar tafiya, ka turo mini lambar jirgin da sunan tashar kamar yadda suka fito a manhajar, in duba maka kafin ka biya. Allah ya kai ka lafiya, ya sa albarka a kasuwa.